Kwatar Ƙofar Gida Ma Amana Ce

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena da ƙannena na Marwa da kewaye.

Idan aka yi rasuwa a unguwa, babu mai jiran takarda daga ofishin magajin gari. Ladan ya sanar a lasifika, saƙo ya zaga WhatsApp, kafin hantsi samari sun kama hanyar maƙabarta da diga da shebur, mata sun ɗora tukunya, dattawa sun shimfiɗa tabarmi. Ba a biya kowa ba, kuma ba wanda ya ce ba aikinsa ba ne. Allah Ya saka da alheri. To, jama'a, mu da muka iya haɗuwa haka don suturta mamaci, me ya hana mu haɗuwa don yashe kwatar da ke kwantar mana da yara masu rai?

Ku leƙa Mayo Kaliyawo, kogin da ya ratsa Marwa, da rani. Rairayin da ya kamata ya jira ruwan damina mun mai da shi juji: leda, robobin ruwa, tsummokara, har mushe. Ruwan farko yana sauka ya kwashe su ya kai wa na ƙasa da mu, abin da ya rage kuma ya toshe lambatu. Ruwa ya kwanta a layi, sauro ya samu wurin haihuwa, sai a fara jigilar yara asibiti da zazzaɓin cizon sauro. Manyanmu ba su manta da kwalarar 2010 ba, wadda ta ci rayuka da yawa a wannan yanki namu na Arewa Mai Nisa. Ba ina cewa sharar gidajenmu ce ta cika kogin Logon har ya shafe gidaje a Yagwa da Maga da Kusuri a 2024 ba, ko ita ta jawo ambaliyar Njamena ta 2022. Wancan ruwa ya fi ƙarfin shebur, Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. Amma ruwan da ke kwana uku a ƙofar gidanka saboda kwata ta toshe, wannan kam da hannunmu a ciki. Allah Maɗaukaki Ya faɗa a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata.

Manzon Allah (SAW) ya gaya mana imani rassa ne saba'in da wani abu, mafi girmansu faɗin La'ilaha illallah, mafi ƙanƙantarsu kawar da abin cutarwa daga hanya. A lura, cikin imani ya sa shi. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya janye reshen ƙaya daga kan hanya, Allah Ya gode masa, Ya gafarta masa. Reshe guda! Ina ga wanda ya fito da sassafe ya buɗe wa ruwan layi duka hanya?

Doka dai akwai ta. Tun 2014 gwamnatin Kamaru ta hana siraran ledoji, Njamena ma ta hana leda a 2010. Amma doka ba ta raka ka wurin mai ƙosai, ba ta tsaya a kanka sa'ad da ka gama ci ka saki ledar iska ta ɗauka. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin awaki da shanu. Dabbar da aka ba mu amanar kiwonta tana ramewa a tsaye, cikinta cike da abin da muka yar. Motar HYSACAM, kamfanin kwasar shara, tana kwasar abin da aka kai mata ne, ba za ta shiga kowane lungu ta tsince ba.

Sai maganar itace, wadda ta fi tsaya mini a rai. Darbejiyar da ta yi wa titunan Marwa rumfa, wadda muke fakewa a ƙarƙashinta a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba da kanta ta tsiro ba. Mutane ne suka dasa, wasu tun kafin shirin dashen itatuwa na Sahel Vert na shekarun 1970 zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, wasu a cikinsa. Da yawansu suna kabari yau, mu kuwa muna shan inuwa. Annabi (SAW) ya ce babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga ciki, face an rubuta masa sadaka. Ina kyautata wa Allah zato cewa ladar waɗannan bayin nasa ba ta yanke ba. Mu fa, wa zai zauna a inuwar da muka bari? Kullum itacen girki na shigowa gari a keke da amalanke da mota, daji na ƙara nisa. Ban zargi uwar da ke hura murhu ba, domin gas ba kowa ke iya saye ba, yara kuma sai sun ci. Amma murhu mai tattalin itace yana nan, kuma adashin mata zai iya saya wa kowace ɗaya bi da bi, kamar yadda ake sayen kwanuka da atamfa.

Dashe ba wuya, raino ne aiki. An sha dasa itatuwa a ɗauki hoto a watse, akuya ta cinye kafin sati. Itace ɗaya da aka kewaye da ƙaya, aka san sunan mai ba shi ruwa daga Maris zuwa Mayu, ya fi ɗari da aka bar wa rana. Ga ruwan alwala nan yana malala a ƙofar kowane masallaci sau biyar a yini. A ja masa 'yar hanya zuwa gindin dashe, an huta da taɓo, an sami inuwa.

Kada kuma mu ce sai mun kafa sabuwar ƙungiya da shugaba da ma'aji, mu zauna jiran kuɗin wani shiri daga Yawunde. Abin da muke buƙata yana hannunmu tuni: liman da mumbarinsa, lawan da jauro da ake jin maganarsu, majalisar shayi ta samari, masu mashin da suka san kowane lungu, malaman Islamiyya, matan adashi. Allah Ya ce mu taimaki juna a kan aikin alheri da taƙawa. Malam liman, don Allah a ware wa wannan magana ko da minti biyar bayan sallar Asuba. Baba lawan, a sa rana ɗaya a wata, a yi gayya layi-layi. A gayyaci maƙwabtanmu Kirista, domin kwata ɗaya muke amfani da ita, kuma haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya ga Musulmi kaɗai ba. Alhaji mai hali, kada ka turo almajirai su shiga ƙazanta ba takalmi kai kana cikin mota. Ka sayo safar hannu da baro, ka fito a gan ka riƙe da shebur, samari za su biyo.

A fara tun watan Mayu, kafin ruwa ya kankama. Kuma abin da aka yaso daga kwata kada a tara shi a bakinta a tafi, ruwan dare ɗaya zai mayar da shi ciki. A nemi amalanke tun kafin ranar, a kai shi inda motar shara ke tsayawa.

Wassalamu alaikum.