Ba yawan bes ba ne ingancin hedifon

Mutane da yawa in za su sayi hedifon ko iyafis mai sauƙin kuɗi gwajinsu ɗaya ne, su sa a kunne su ƙure sauti, in suka ji bes na dukan kai dum-dum shi ke nan wai sun dace. Wallahi ba haka abin yake ba. Cika bes ba wuya gare shi ba wajen masu ƙerawa, aikin yana wajen fito da muryar mutum tas. Maganar ɗan Adam yawanci a tsakiya take, tsakanin sauti mai kauri da siriri, wajen 300 zuwa 3,400Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne), to in bes ya yi yawa sai ya danne ta, kana kallon fim jarumi na magana ƙasa-ƙasa ba ka jin me ya ce, ka ƙara sauti, can a harba bindiga kunnenka ya ɗau zafi.

Ni dai in zan gwada, wurin da mutum biyu ke hira nake sawa, sauti tsaka-tsaki. In kowace kalma na fita sarai ba ta karce min kunne, ya yi. Shi kuma 20Hz zuwa 20kHz (wato 20,000Hz) ɗin nan na jikin kwali kar ya ruɗe ka, iyakar jin ɗan Adam ce, kusan kowa rubutawa yake.

Sai robar bakin iyafis da ake rainawa. In ba ta toshe kunne daidai ba bes ɗin ma zurarewa yake, don haka gwada sauran girman da suka zo tare kafin ka ce kayan ba kyau.