Wai "ni raba karta kawai zan yi": maganar aikin dila a gidan caca

Tun ranar da hukumar kula da caca ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta miƙa wa kamfanin Wynn lasisi a watan Oktoban 2024 na san za a rina, amma ban zaci abin zai shigo har tsakar gidanmu da wuri haka ba. Kun dai san labarin, katafaren otal ɗin nan da ake ginawa a tsibirin Al Marjan na Ras Al Khaimah, gidan caca na farko mai lasisi a ƙasar, wanda ake sa ran buɗewa a 2027. To ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar ɗan yayata, yaro mai digiri da ya gama bautar ƙasa shekara biyu kenan yana zaman jiran tsammani, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni ya miƙo min waya, wai Kawu dan Allah duba min wannan. Bidiyo ne na wani saurayi cikin farar shat da baƙar falmaran da ɗan nektai ɗin nan mai kama da malam-buɗe-littafi, yana wulla karta a kan koren tebur kamar mai sihiri, a ƙasa an rubuta ana neman dila a can Daular, za a koya maka aikin cikin sati shida, biza da masauki kyauta, kai dai ka turo kuɗin fom da na horo ta wata lambar WhatsApp.

Ban ma buɗe baki ba ya riga ni, wai Kawu ai ni ba cacar zan yi ba, ma'aikaci ne kawai kamar kashiya a banki, kuma ma ai ƙasar Musulmi ce. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami, saboda ba daga kansa ya ƙirƙiro ta ba, ita ce ake ta yayatawa a Facebook da TikTok, har da manyan mutane masu furfura da suke ganin duk wanda ya ce a'a to bai waye bane.

Mu fara da abin da masu wannan magana suke ganin shi ne babbar hujjarsu. Suna cewa poka, wato wasan kartar da dilan zai riƙa rabawa, daban take da sauran wasannin kasino, kuma a nan gaskiya suka faɗa. A wasan ƙwallon da ke juyawa a faranti ko wasan 21, da gidan kake karawa, in ka faɗi gidan ne ya cinye. A poka kuwa 'yan wasan ne suke cin junansu, mutum tara ko ƙasa da haka a tebur ɗaya, a nau'in da aka fi bugawa na Texas Hold'em kowa a ba shi karta biyu a rufe sannan a buɗe biyar a tsakiya, uku a tare sai ɗaya sai ɗaya, dila bai da hannu a wasan bai sa ko sisi ba, wanda ya ci ya tura masa tulin. Shikenan wai sai ya zama alƙalin wasa. To amma ba wanda ya tsaya ya tambaya, in gidan ba ya cin kowa, da me yake biyan kuɗin lantarki da na'urar sanyaya ɗaki da albashin shi dilan? Amsar tana gefen hannun dila, wata 'yar ƙofa ce a jikin tebur da akwatin ƙarfe a ƙarƙashinta. Duk zagaye kafin a tura wa wanda ya ci kuɗinsa, dila zai tsame wani kaso daga tulin, a ƙananan teburan Las Vegas yawanci kashi 10 cikin 100 ne har ya kai wata iyaka kamar dala 5, ya jefa a ramin. Ƙwararren dila yana raba wajen zagaye 30 a awa ɗaya. Yi lissafi da kanka, ko da dala 4 kawai ake tsamewa a kowane zagaye, dala 120 kenan a awa daga tebur ɗaya, kuma hannun da ke tsamewar na wannan yaron ne mai falmaran. Shi yasa ma gidan yake son dila mai sauri, ba don ya burge kowa ba, sai don duk daƙiƙar da ya ɓata kuɗi ne bai shiga akwati ba.

Mu da muka taso muna leƙa bayan tasha mun san wannan tsarin tun kafin mu ji sunan Las Vegas. Akwai masu buga karta a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, kuma akwai wani mutum da ba ya taɓa bugawa, shi dai tabarmar tasa ce, fitilar tasa ce, kartar tasa ce, duk zagaye yana cire la'adarsa ya zura a aljihun gaba. 'Yan wasa su zo da kuɗin cefane su tafi da hamma, shi kuwa kullum da ribarsa yake kwana. Ban taɓa jin wani a unguwa ya kira shi alƙalin wasa ba, kowa mai gidan caca yake ce masa, kuma ba wanda zai ba shi 'yarsa. Yanzu don an sa wa tabarmar koren ƙyalle an kunna mata fitilu masu launi sai sunan ya canza?

Sai maganar kuɗin da ake ruɗar yara da shi. A jihar Nevada ta Amurka, inda Las Vegas take kuma wannan sana'a ta fi ko'ina kafuwa, mafi ƙarancin albashi dala 12 ne a awa tun watan Yulin 2024, kuma albashin dila daga gidan ba ya nisa da nan. Ainihin abin da yake rayuwa da shi tukuici ne, wanda ya ci zagaye ya cillo masa ƙwandalar roba ta dala ɗaya, wani lokaci fiye in tulin ya yi kauri, wani kuma ya haɗe rai ya ƙi bayarwa ba yadda za a yi da shi. Dilan poka a mafi yawan wuraren can shi ke riƙe tukuicinsa, ba kamar na sauran tebura da ake tarawa a raba ba, don haka abincinsa na ranar ya dogara ne da wane tebur ya faɗa da kuma halin mutanen da ke kai. Kuma dan Allah wannan dala ɗayar daga ina ta fito? Daga tulin da aka kwashe yanzun nan daga gaban mutumin da ke kujera ta uku, wanda ya dafe kai yana kallon silin. Kashiyan banki albashinsa ba ya ƙaruwa don wani kwastoma ya tsiyace, wannan kuwa sai an ci wani sannan ya samu na shayi, to ina haɗin?

Ita kanta ɗaukar aikin ba yadda bidiyon ya nuna take ba. A can Nevada sai ka kai shekara 21, sai an ɗauki hoton yatsunka an bincike tarihinka an yi maka rajista da hukumar kula da caca ta jihar. Makarantar koyon raba karta da kuɗinka zaka biya, kuma takardarta ba ta ba ka aiki, abin da ke ba ka aiki gwaji ne, a zaunar da kai a tebur manajan ɗakin da wasu ma'aikata su zauna kamar 'yan wasa, ka cakuɗa kartar nan 52 ka raba suna kallon yatsunka, su ƙirƙiro maka rikici da gangan, mutum uku su zuba duk abin da ke gabansu alhali kuɗinsu ba daidai yake ba su ga ko zaka iya ware tulin gida-gida ba tare da ka daburce ba, su ce a koma Omaha, wani nau'in poka inda kowa ke riƙe karta huɗu kuma dole ka riƙe jimillar tulin a ka duk lokacin da aka tambaya. Minti kaɗan ne, in hannunka ya yi rawa sai a ce za mu kira ka. In ka tsallake ma ba a ba ka cikakken aiki, jerin 'yan jiran kira ake fara saka ka, yau a kira ka gobe shiru, dare da ƙarshen mako da ranakun biki duk naka ne tunda lokacin ne kasuwar ke ci. Gasar poka ta duniya, WSOP, da ake ta nuna wa yara, wadda aka fara a 1970 a gidan cacar Binion's Horseshoe da ke Las Vegas, a 2024 mutum 10,112 suka shiga babban wasanta kowa ya ajiye dala 10,000, wanda ya zo na ɗaya ya tafi da dala miliyan 10. To ɗimbin dilolin da suka raba wannan kartar 'yan ƙwadago ne na wucin gadi, daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli, ana gamawa kowa ya kama gabansa.

Abin da ya fi tsaya min a rai ma wani ɗan motsi ne da zaka gani in ka lura. Duk rabin awa ana canza dila daga tebur zuwa tebur, kuma kafin ya tashi sai ya buɗe tafukan hannunsa ya juya su sama da ƙasa, haka in zai taɓa jikinsa. Ba 'yan wasan yake nuna wa ba, kyamarar da ke saman kansa yake nuna wa cewa bai ɓoye komai ba. Sau nawa a dare ɗaya, shekara nawa? A tatsuniya dila shi ne malamin daji, shi ke yi wa kura wayo, a nan kuwa dila shi ne wanda aka fi sa wa ido a duk ɗakin, kuma shi ne bolar da ake zubar da haushi, wanda ya sha giya ya faɗi kuɗin hayarsa ba zai zagi lissafinsa ba dilan zai zaga, wani ya watso masa kartar a fuska, shi kuma dole ya yi murmushi ya ce sa'a a zagaye na gaba ranka ya daɗe.

Duk wannan fa ina maganar wanda ya dace ne ya samu aikin na gaskiya. Yaron da ke Kano ko Zariya ko Maraɗi da ke tura kuɗin fom ta WhatsApp, ba Las Vegas ce ke jiransa ba, wataƙila ma ba Ras Al Khaimah ba. A watan Agustan 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto cewa mai yiwuwa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kusan 100,000 a Kambodiya ana tsare da su ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet, kuma da yawan gine-ginen da ake wannan aika-aika gidajen caca ne ko suna maƙale da su, a wurare irin su Sihanoukville a Kambodiya da Myawaddy a Myanmar. Da tallan aiki mai tsoka aka ja su, biza kyauta masauki kyauta, suna sauka aka karɓe fasfo. Da aka fara fito da dubbai daga Myawaddy a farkon 2025 ai kun ga 'yan Afirka a cikinsu, 'yan Habasha da Kenya da sauransu. Ko Filifin da ta daɗe tana cin harajin kamfanonin cacar intanet, shugaba Marcos da bakinsa ya haramta su a watan Yulin 2024. Duk wanda ya karanta wannan kuma ya ci gaba da tura wa ƙannensa tallan "ana neman dila" a guruf ɗin dangi, wallahi ba taimako yake ba.

Masu cewa poka wasan basira ne ba caca ba, su je su faɗa wa matar wanda basirarsa ta cinye kuɗin makarantar yara. Masu cewa talauci ne ya kawo haka, eh mun ji, amma talaucin bai hana a nemo dubban ɗaruruwan kuɗin fom ba.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na "ai ƙasar Musulmi ce". Tun yaushe lasisin gwamnati ya zama fatawa? Aya ta 90 a suratul Ma'ida ta jera caca tare da giya ta ce ku nisance shi, ba ta ce kar ku buga kawai ba, kuma a farkon surar aka ce kada ku taimaki juna a kan zunubi. Hadisin riba da kowane ɗan Islamiyya ya haddace bai tsaya a kan mai ci da mai bayarwa ba, har marubucin da shaidu biyu ya haɗa, haka na giya ya haɗa har mai ɗauka da mai shayarwa. To wanda ya cakuɗa, ya raba, ya ƙirga, ya cire la'ada, ya tura wa wanda ya ci, shi a wane layi za mu sa shi? Mahukuntan Daular sun yi lissafin kuɗin 'yan yawon buɗe ido ne suka yanke shawararsu, ba su ce sun gano wata sabuwar ruwaya ba, mu ne nan muke ɗora musu rawanin da basu nema ba don mu samu abin fakewa. Kuma abin dariya a nan gida Hisbah na rufe shagunan bet a Kano muna tafi, amma in ɗanmu zai sa falmaran ya yi aikin da ya fi na yaron shagon bet zurfi a cikin harkar, sai mu ce ya samu aiki a waje, a taya mu addu'a.

Ni dai abin da nake ganin ya kamata, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP da hukumar shige da fice su bi sawun masu irin wannan talla tunda lambobinsu a fili suke, malamai kuma su taɓo maganar a huɗuba da sunanta, su daina tsayawa a kan bet ɗin ƙwallo kaɗai. Sauran kuma aikin iyaye ne da kawunnai irina.

Na mayar wa yaron wayarsa na ce ya tambayi mai lambar abu biyu, sunan kamfanin da zai ɗauke shi da adireshin ofishinsu a nan Najeriya. Ya tura a gabana. Har aka kira magariba alamar an karanta ta nuna, amsa ba ta zo ba, sai can bayan isha'i ya turo min hoton abin da aka rubuto masa, wai gurbi biyu kacal ya rage, in bai biya kafin Litinin ba za a ba wani.