Sun biya kuɗi don su yi shiru

Lahadin da ta wuce, bayan azahar, wani abokin aikina ya ja ni wani ɗan ɗakin kiɗa da ke ƙarƙashin ƙasa a nan Shikago, Amurka. Kujerun ba su kai hamsin ba. Bangon jan bulo ne, fitila ɗaya ce rawaya, a waje dusar ƙanƙara na zuba, kowa ya rataye ƙatuwar rigar sanyinsa a bakin ƙofa. Makaɗan su uku: wani dattijo baƙar fata mai jita, wata mata rungume da ƙaton bes (wani babban abin kiɗa mai tsirkiya) da ya fi ta tsawo, sai saurayi mai ganga yana shafar fatar da wani abu kamar ƙaramar tsintsiya.

Can a tsakiya dattijon ya danne tsirkiya ɗaya, ya tanƙwara ta har ta yi kuka irin na goge, ya bar sautin yana mutuwa a hankali. Wallahi ko tari ba wanda ya yi. Mutane ne suka biya dala ashirin-ashirin don kawai su saurara. Ba a wasa kakan kowa ba, ba wanda ya tashi liƙi. Da aka gama, wata tsohuwa mai sanda ta miƙe tsaye tana tafa masa.

Wannan kiɗa da ake kira bulus (blues) jikokin bayi ne suka haife shi a gonakin audugar Misisipi, a kudancin Amurka. Shahararren makaɗin bulus Muddy Waters ya iso nan Shikago a 1943, daga baya ya haɗa jitarsa da lantarki, yau har titi aka sa wa sunansa. Ni kuwa gurmi kunnena ke ji a ciki, da garaya.

To mu fa? Kun san sunan da muke kiran makaɗi, kun san amsar da ake ba shi in ya zo neman aure gidan mutunci. Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ya rasu a 2015. Yara nawa ne a Samaru iyayensu za su yarda su gaje shi?

Na san za a ce shirun Turawa sanyi ne. Akwai gaskiya a ciki, don ranar na yi kewar guɗa, kuma makaɗinmu a cikin mutane yake, ba a kan dandamali ba. Amma a cikin mutanen ma a tsugune yake.

Akwai wani mai gurmi da ke zama kusa da shagon kawuna a Tudun Wada da la'asar. Shekara bakwai ina wuce shi zuwa makaranta, wani lokaci in jefa masa canji ba tare da na tsaya ba. Ko sunansa ban taɓa tambaya ba. A ɗakin nan, shi na yi ta gani. Don Allah wanda ke bin hanyar ya duba mini ko yana nan.