A Rufa wa Yaran Nan Filin Dawakinsu

Tun jiya da yamma raina yake a ɓace. Dalili kuwa shi ne maganar rufin da muka shafe watanni muna nema wa filin dawakin da nake taimakawa a nan Landan, inda ake kawo matasan da makaranta ta kora da waɗanda suka fara faɗawa hannun 'yan sanda. Waɗanda muka nemi kuɗin a wurinsu sun yanke hukunci cewa ba za a ba da kuɗin ba, kuma dalilin da aka karanta mana shi ne wai rufaffen filin hawa ƙawa ce kawai, tun da doki ba ya gudun ruwa. Wanda ya rubuta wannan bai fahimci aikin ba ko kaɗan, domin yaro muke nema wa rufin, kuma abin da yaron yake bukata shi ne ranar da aka ce ya zo ta tabbata.

Akwai wani yaro mai shekara 14 da aka fara kawo mana da bazara. Ba ya kallon idon kowa, hular rigarsa kullum tana rufe da goshinsa, ko gaisuwa sai an maimaita masa. Ranar farko ya tunkari wata goɗiya da irin zafin da yake tunkarar mutane, sai ta kwantar da kunnuwa baya ta juya masa ƙugu. Mai kula da dawakin bai yi masa faɗa ba, ya ce masa kawai ya sauke kafaɗunsa ya ja numfashi, sannan ya sake gwadawa. Sai da ya yi mako 5 kafin ta yarda ta ɗaga masa ƙafa ya share mata kofato, kuma ranar ce na fara jin muryarsa sosai, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ragama a hannunsa. Doki dabba ce da ta saba zaman ɗar-ɗar saboda namun dajin da ke farautarta, shi ya sa take karanta jikin wanda ya matso kusa da ita, ba ta san tarihin yaro ba, ba ta karanta takardar kotu ba, abin da ya zo da shi a wannan lokacin shi take mayar masa.

Da Nuwamba ta shigo, ruwa ya jiƙe filin har yashin ya zama taɓo, aka soke zaman Laraba sau 3 a jere domin kada doki ya zame da yaro a kansa. A ta ukun saƙon bai isa wayar mahaifiyarsa ba, ya hau bas biyu ya zo ya tarar da ƙofa a kulle. Ina wurin ina kwashe harawa. Ya dubi filin ya ce, "Dama na sani." Tun daga ranar bai dawo ba.

Wannan magana tasa ita ce hujjata gaba ɗaya. Yaron da mahaifi ya yi wa alkawari ya saɓa, aka canza masa ma'aikacin jin daɗin jama'a sau da yawa, makaranta ta sallame shi, ya riga ya yanke cewa manya ba sa cika magana. Alkawari kaya ne, kuma mu da muka ce za mu gyara tunaninsa mu ne muka sake sauke kayan a gabansa. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma, daidai lokacin da yara suke fitowa daga makaranta, ga ruwa, ga ƙanƙarar da ke daskarar da ƙasa. Fili marar rufi yana nufin a dakatar da aiki a watannin da yaran suka fi zaman banza a lungu.

Abin da muka nema ba wani gini na alfarma ba ne. Fili ne mai faɗin mita 20 da tsawon mita 40, da rufin kwano, da fitilu, da katakon da ake jinginawa a jikin bango domin kada gwiwar mahayi ta gogu, da yashin da ake yayyafa wa ruwa saboda ƙura. Bangon ma yana da nasa amfanin, domin yana tare iska da ƙarar motocin da ke firgita doki, kuma yaron da yake jin kunyar a ga hawayensa yana samun sutura daga idon masu wucewa.

An ce mini binciken masana kan wannan hanya ta jinyar matasa da dawaki bai gama ƙarfi ba. Ban taɓa cewa doki likita ne ba, kuma tsarin da ƙungiyar EAGALA, mai jinyar ƙwaƙwalwa ta hanyar dawaki, ta shimfiɗa tun 1999 ya tanadi ƙwararren mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa tare da masanin doki a kowane zama, ba a ma hawa, a ƙasa ake yin komai. Amma kowace irin jinya ce, idan ana yanke ta mako uku-uku ba za ta yi aiki ba. An kuma ce doki na 'ya'yan masu kuɗi ne. Ebony Horse Club, cibiyar koya wa yara hawan doki, tana unguwar Brixton a nan Landan tun 1996, a tsakiyar gidajen talakawa, kuma a can Khadijah Mellah ta koyi hawa kafin ta ci tseren Magnolia Cup a filin sukuwa na Goodwood a 2019 da hijabinta. Wannan magana ta daɗe da mutuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu Hausawa mun fi kowa sanin abin da doki yake yi wa matashi. Duk wanda ya tashi kusa da barga a Kano ko Katsina ya ga yaron da ba ya jin maganar kowa yana tashi da asuba domin ya jiƙa dusa ya share turke, saboda yana sa ran a ba shi kilisa da la'asar. Duk da haka, a Satumbar 2019 sai da 'yan sanda suka fito da fiye da mutum 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, da sunan gyaran tarbiyya. Dawakin suna nan, masu kula da su suna nan, rumfar da za ta kare yara daga zafin Afrilu da hazon hunturu ce babu wanda ya yi tunanin kafawa.

Za mu sake rubuta takardar neman kuɗin kafin ƙarshen wata. Na kira mahaifiyar yaron ɗazu, ta ce ya tambaye ta ko goɗiyar tana nan, amma ya ƙi cewa zai zo.