Tafiyar Sallah a lokacin korona: mota, ɗakin tsoho da zazzaɓin kwana na biyar

Ranar Talata 20 ga Yuli, 2021 aka yi Babbar Sallah, kuma a farkon watan ne hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta sanar cewa nau'in korona na Delta ya shigo Najeriya. A irin wannan lokaci, kiran kowa ya zauna inda yake ba zai yi tasiri ba. A 2020 an hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli, sai direbobi suka bi hanyoyin daji, fasinjoji suka riƙa tsallake shinge a ƙafa ko a kan babur, kuɗin mota ya tashi, mutane kuma suka isa gida. Wanda ya shekara yana nema a Legas ko Abuja ba zai bari a yanka rago ba ya nan ba. Abin da ya fi amfani shi ne a gaya masa yadda zai yi tafiyar.

Hankalin hukumomi ya fi karkata ga filin idi. Amma filin idi sarari ne, iska na kaɗawa, raka'a biyu da huɗuba an watse. A gwada shi da Sharon da aka cusa wa fasinja fiye da kujerunta, ko bas mai mutum 18 da za ta yini tsakanin Abuja da Kano. Damina ce, da an fara yayyafi kowa ya ɗaga gilashi. Cutar tana tafiya ne a numfashi, kuma a mota rufaffiya numfashin da wani ya fitar shi na kusa da shi yake shaƙa na tsawon sa'o'i. A bar taga biyu a buɗe, ɗaya gaba ɗaya baya, a ɓangarori daban-daban, ko da faɗin yatsu huɗu ne, don iska ta ratsa. In motar mai AC ce, direba ya kashe maɓallin nan mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe, domin shi ke juya iskar ciki. Takunkumi ɗaya ba ya isa doguwar tafiya. A riƙe uku, wanda ya jiƙe da gumi a canza shi, kuma ya rufe hanci, ba haɓa ba. Abinci a jira zango a ci a waje.

Sai lissafin kwanaki, wanda shi ne aka fi sakaci da shi. Alamun cutar kan bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 14 da kamuwa, galibi wajen kwana na biyar, kuma mutum kan fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji komai. Wanda ya ɗauka a mota ranar Asabar, zazzaɓi zai iya rufe shi ranar Alhamis, amma tun Talata ko Laraba yake rabawa, daidai lokacin da yake bin gidajen dangi da ƙullin nama. Jin ƙarfin jiki a ranar isowa ba shaida ba ne.

Waɗanda cutar ta fi kayarwa su ne aka je dominsu: tsofaffi, masu ciwon suga, masu hawan jini, masu juna biyu. Ɗakin kaka ƙarami ne, taga guda, labule a sauke, jikoki goma a ciki. A fito mata da tabarma tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa. Matafiyi kada ya kwana ɗaki ɗaya da tsoho a makon farko. Ƙin miƙa wa babba hannu yana da nauyi, gaskiya ne, amma tsugunawa daga nesa gaisuwar girmamawa ce tun asali. "Baba, na sha hanya, bari in gaishe ka daga nan" ba ta ɓata wa kowa rai. Allurar rigakafi kuwa tana buƙatar kamar mako biyu kafin jiki ya fara gina kariya, don haka wanda ya yi ta jajiberi ya ci gaba da kiyayewa.

In zazzaɓi ya zo, kusan kowa zai ce maleriya ce, kuma a wannan lokaci na sauro sau da yawa ita ce. A tabbatar. Gwajin ɗigon jini a yatsa minti 15 zuwa 20 ne. In ya nuna, a sha maganin maleriya na ACT kwana uku cif. In bai nuna ba, ko an gama sha zazzaɓin bai sauka ba, ga tari ko ɗaukewar jin ƙamshi, a keɓe mutum a nemi gwajin korona. Lambar NCDC ita ce 6232, kyauta. Babba zai iya shan parasitamol mai 500mg ƙwaya biyu duk awa shida, kada ya wuce takwas a kwana guda. A guji haɗin kemis. Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa korona, maganin dexamethasone kuma na wanda ke buƙatar iskar oksijin ne a asibiti. A gida yana hauhawar da suga, ya raunana garkuwar jiki.

Mai jinya ya ƙirga numfashi da agogo. In ya haura 30 a minti ɗaya, ko mara lafiya ba ya iya kai magana ƙarshe sai ya tsaya, ko ya fara ruɗewa, a tafi asibiti a daren, kada a ce sai bayan Sallah.

Ga kuma kwalara da ta addabi Bauchi, Kano da Jigawa a 2021. Ruwan tasha da ba a san asalinsa ba a bar shi. In gudawa ta tsinke kamar ruwan shinkafa, a jiƙa ORS, haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, ƙulli ɗaya a lita ɗaya, wato fiya wata biyu. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a tafasasshen ruwa lita ɗaya, a riƙa ba shi yana kurɓa tun a cikin motar da za ta kai shi asibiti.