Ɗakin kwamfutar da ke kulle a makarantarmu

Makon jiya na leƙa firamaren da na yi a cikin birnin Zariya, wadda yanzu 'ya'yana biyu suke ciki. Ba zan kama suna ba, don abin da na gani ba a nan kaɗai yake ba. Na roƙi hedimasta ya buɗe mini ɗakin kwamfuta, sai da aka aiki yaro gida ya ɗauko makulli. Muna tura ƙofa ƙurar hunturu ta tarbe mu. Kwamfuta goma ne a jere, an lulluɓe su da tsohon labule. Zanzaro ya yi gini a bayan guda, ɓera ya cinye wayoyin wasu. Na ce, "Malam, yaushe rabon da a kunna su?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, tun ranar bikin buɗewa. Ran nan ma da janareton haya muka kunna."

Wallahi ban ga laifinsa ba. An kawo masa kaya, ba wuta, ba malamin da aka koya wa, ba ko sisi na gyara. In abu ya lalace ko ya ɓata, shi za a tuhuma. To me zai yi in ba ya sa kwaɗo ya kulle ba?

Mu Zazzagawa mun san doki. Duk wanda ya taɓa riƙe doki don hawan sallah ya san kuɗin saye sau ɗaya ake biya, amma harawa da dusa da kanwa kullum ne. Haka kwamfuta take. Sai dai masu kawo mana tallafi sun fi son saye, saboda kwali sabo shi ke kyau a hoto. Babu mai ɗaukar hoton batirin sola, balle na malamar da aka tura ta samo horo.

Abin ya fi ci mini rai ne saboda 'yar yayana. Yarinya ce mai ƙoƙari, kowa ya shaida. Ranar da ta je rubuta JAMB, ranar ce ta fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Ta ce mini hannunta rawa ya dinga yi, kafin ta gane yadda ake wucewa tambaya ta gaba lokaci ya ja. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Ke nan yaron da ya shiga aji ɗaya a shekarar ya tashi cikin wannan tsari, amma har yau muna tura 'ya'yan talakawa su yi takara da waɗanda suka girma da na'ura a gida. Kuma a Zariya fa, garin da Jami'ar Ahmadu Bello take zaune tun 1962, garin Barewa da Alhudahuda.

Ba wai babu hanyar kuɗi ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, jiha kuma sai ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Haƙƙin yaranmu ne, kuma kwamitin SBMC na kowace makaranta, wato kwamitin iyaye da malamai da mutanen unguwa mai kula da ita, yana da bakin rubuta wa sakataren ilimi da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ya nema. Mu nema, mu yi ta bibiya. Amma yaron da ke aji biyar yau ba zai tsaya jiran takarda ta gama zagaya ofis ba.

Don haka ni a ganina, ko naira nawa muka tara, kada a ƙara sayen kwamfuta ko ɗaya. A fara da sola da batiri daidai ƙarfin guda biyar, a gyara silin, a sa ƙofar ƙarfe. A zaɓi malami ɗaya mai sha'awar abin, a biya masa horo, a riƙa ba shi ɗan ihsani duk wata. Kwamfuta biyar masu aiki, yara uku uku a kan kowace, sun fi goma da ke ƙarƙashin labule. Intanet ma ba dole ba ne a farko. Yaro ya iya kunnawa, ya buga sunansa, ya saba da linzami tukuna.

Kuɗin wata-wata kuwa, mu tsofaffin ɗalibai ya kamata mu ɗauka. A cikinmu akwai malaman jami'a a Samaru, akwai 'yan kasuwar Sabon Gari, akwai masu gyaran waya a Tudun Wada da za su duba na'urorin kyauta in an roƙe su. Kamar adashi za mu yi, kowa da abin da zai iya, a buɗe asusu da sa hannun mutum uku, a manna lissafi a allon sanarwa duk ƙarshen zango. Iyayen da ke fama da kuɗin littafi kada a ɗora musu.

Hedimasta ya yarda mu zauna ranar Asabar bayan la'asar, a cikin ɗakin kwamfutar. Zan zo da mai haɗa sola ya auna mana abin da ake buƙata, wasu matasa biyu kuma sun ce za su zo da tsintsiya da safe.