Iskar Ajah da babbar rigata

Masu turo min bidiyon bikin da aka yi a Ajah, unguwar gefen teku a Legas, ku daina haka nan, na gani, ai a jikina abin ya faru.

Da safe a Agege hazo ne ya rufe gari, ko ganye ba ya motsi, ɗan hunturun nan da Legas ke samu a Disamba. Sai na saki jiki na zuba babbar riga ta shadda da ta sha sitaci, na kafa zanna bukar. 'Yar ciki kuwa na bar ta a gida saboda zafin rana, singileti kawai na sa. An ɗaura aure, an ci an sha, wajen ƙarfe uku wani ya ce a gangara bakin teku a ɗauki hoto.

Aka jera mu mun ba teku baya, ni a gefen surukina. Mai hoto ya ce a yi murmushi. Na ɗaga hannu zan ɗora rigar a kafaɗa, sai kawai na ga duhu. Iska ta shigo ta baya, ta ɗauke rigar ta kifa min a kai, sitaci kuma ya hana ta saukowa. Na ji hula ta bar kaina. Na shiga juyi ina laluben wuyan riga, kuma duk juyin da na yi sai na nuna wa wani sabon ɓangare na jama'a hujin da ke bayan singiletin. Maza sun gani, ƙawayen amarya sun gani, gwaggon matata ma na ji salatinta.

Ina cikin rigar na ji muryar ƙanin matata, wannan da ya karanta labarin ƙasa. Kun zaci taimako ya kawo? Cewa ya yi, "Yaya, ai dole! Matsin iska ne." Ya juya wajen mahaifinsa ya buɗe aji. Wai tudu ya fi ruwa saurin ɗaukar zafi, to da rana iskar kan tudu sai ta yi zafi ta tashi sama, matsi ya ragu a ƙasa. Ta kan teku kuwa mai sanyi ce, mai nauyi, sai ta kwararo inda aka bar mata wuri kamar ruwa ya samu gangare. Da dare tudu ya riga ruwa hucewa, abin ya juya.

Maimakon tsohon ya ce a ciro ni, sai ya ce, "To hunturun fa?" Yaro ya gyara tsayuwa. Ya ce a wannan lokacin matsi ya yi yawa a kan Sahara, shi ke turo iska daga arewa maso gabas, tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele a Chadi. Kafin ta iso Legas ta gaji, shi ya sa da yamma iskar teku ke fin ƙarfinta a gaɓa. Da damina kuma Sahara ce ke yin zafi, matsi ya faɗi can, iskar Atlantika ta ɗauko ruwa har Sakkwato. Surukina na cewa "Ikon Allah," ni kuma ina ciki ina shaƙar sitaci.

Abin da ya fi ƙona min rai, yaron nan ya sani. Tun da muka sauka daga mota ya cire hularsa ya riƙe a hannu, na gan shi da idona, kuma ɗan kaftani ya sa ɗamamme. Yaron da na biya wa kuɗin jarrabawa, wanda in ya zo gidana sai an ƙara awo. Bakinsa bai iya cewa "Yaya, riƙe rigarka" ba, amma ya iya zuwa Chadi ya dawo. Har yau yayarsa na kare shi, wai ilimi ne ya ɗauke masa hankali. Wayarsa dai hankalinta bai ɗauke ba, don kusurwar bidiyon daidai inda ya tsaya take.

Hular kuma wani yaro mai yawo da doki a bakin ruwa ya kawo min ita, ɗan wajenmu ne ma, bayan dokin ya taka ta. Ya tsaya yana jiran na goro, na ba shi. Tana wajen mai wankin hula, ya ce in leƙo ran Asabar.